Matsin tukunyar naitiros: wace kalma ce ta dace?

Jama'a masu fassarar fasaha, ga wata tambaya game da motocin tsere na Amurka, waɗanda ake ƙara wa injinsu ƙarfi da iskar naitiros oksayid. Turawa suna cewa "bottle pressure", wasu daga cikinmu kuma sun fara rubuta "matsin kwalba". Ban gamsu da hakan ba, domin kwalba a kunnen Bahaushe ta gilashi ce, alhali wannan mazubi ne na alminiyom mai kauri da ake ɗaurewa a bayan mota, wanda galibi yake cin kimanin kilo 4 da rabi. An kawo shawarar "silinda", sai dai injin ma yana da nasa silindodin, kuma a jimla guda za su ci karo. Tunda kowa ya saba da tukunyar gas ta girki, ina ganin "tukunyar naitiros" ta wadatar.

Inda gizo yake saƙar shi ne sunan da za a ba aikin sarrafa wannan matsi. Wani malami ya ce mu ari "regileta" kawai, kamar yadda masu sayar da gas suke faɗa, amma regileta tana rage ƙarfin iskar da ke fitowa ne, a nan kuwa abin da ake sarrafawa shi ne zafin tukunyar kanta. Naitiros ɗin kansa a siffar ruwa yake zaune a ciki, kuma muddin akwai sauran ruwan, zafi ne ke yanke yawan matsin, ba yawan abin da ya rage ba. A digiri 21 na Salshiyos allurar geji tana nuna wajen psi 750 (psi shi ne ma'aunin matsi), a kusan digiri 30 kuma ta kai 900 zuwa 950, wanda shi ne abin da yawancin masu tsere suke nema, domin da shi aka auna ƙananan ramukan da ke raba naitiros da fetur. Idan matsin ya faɗi, fetur ya yi yawa, motar ta yi nauyi. Idan ya haura, fetur ya gaza, injin ya ɗauki zafin da zai iya narkar da fistin.

Saboda haka masu tsere suke naɗe tukunyar da wani mayafi mai lantarki, wanda makunni mai jin matsi ko zafi yake kashewa da kansa idan an kai inda ake so. Wannan na'ura na fi son a kira ta "bargon ɗumi", domin siffarta da aikinta ke nan. Akwai masu gaggawar da suke gasa tukunyar da harshen wuta, kuma wannan ganganci ne tsantsa, tunda wuta tana raunana alminiyom.

An kuma ce mu kira aikin gaba ɗaya "ɗumama tukunya", amma rabinsa kawai wannan ya ɗauko. Da zarar zafi ya wuce digiri 36, naitiros ba ya iya zama ruwa komai matsinsa, shi ya sa a ranar zafi a Arizona ko Tekzas jiƙaƙƙen tawul ake yafa wa tukunyar, ko a buɗe bawul ɗin da ke fesar da naitiros waje a rage matsin kaɗan. Mai karatu a Sakkwato, inda bazara ke haura digiri 40, zai fi buƙatar sanyayawa.

Ga abin da na tsaya a kai: aikin shi ne "daidaita matsin tukunya", domin "daidaita" ta haɗa ƙari da ragi. "Regileta" kuma a bar ta ga tsarin da ake tura naitiros da iskar naitirojin daga wata tukunya ta biyu, domin a can akwai regileta ta gaske. Wanda ke da kalmar da ta fi "matsi" dacewa, bisimilla, muna saurare.