Me za mu kira ƙwayoyin gadon da ƙuda da tsutsa suka yi tarayya a kansu?

1/ Jama'a, masu koyar da ilimin halittu da Hausa, ku taya ni duba wannan. Turawa na cewa conserved genes. Na ga ana rubuta "ƙwayoyin gado da aka adana", kuma ban gamsu ba.

2/ Ga abin da ake nufi. A jikin ƙudan Drosophila akwai rukunin ƙwayoyin gado mai suna achaete-scute. Su ke ba wasu ƙwayoyin ɗan tayi umarnin zama ƙwayoyin jijiya masu kai saƙo. In suka lalace, ƙudan ya rasa gashin da yake jin taɓi da shi. Tsutsar C. elegans, mai ƙwayoyin jijiya 302 kacal, tana da ɗan uwansu, hlh-14, aikinsa kuma irin nasu ne. Har Nematostella, wata halittar teku dangin murjani wadda ko ƙwaƙwalwa ba ta da ita, tana da nata. Ga kuma wata ƙwayar gado mai suna Notch: da taimakonta ne ƙwayar ɗan tayi da ta fara bin hanyar zama jijiya take hana maƙwabtanta bin ta. Ɗan tayin ƙuda da ya rasa Notch, jijiya ce ke yi masa yawa, fata ta yi ƙaranci, ya mutu. Zuriyoyin ƙuda, tsutsa da Nematostella sun rabu fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce.

3/ "Adana" na nuna wani ya ɗauka ya ajiye, ba a taɓawa. Ba haka abin yake ba. Sauyi na faɗa wa waɗannan ƙwayoyin gado kamar yadda yake faɗa wa kowanne, sai dai wanda ya ɓata aikin ba kasafai yake daɗewa a zuriya ba, don sau da yawa mai ɗauke da shi ba ya kaiwa ga haihuwa.

4/ "Dauwamammu" ma ya wuce gona da iri. Jerin haruffansu na DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, ya sha bamban daga dabba zuwa dabba. A furotin ɗin da achaete-scute ke samarwa, sashen da ke kama DNA ne ya fi tsayawa yadda yake.

5/ Ni dai na tsaya kan "ƙwayoyin gado masu ɗorewa". Abu kan ɗore ko da yana ɗan sauya kama. Kada dai a taƙaita shi zuwa "ɗorarru", mai karatu zai ɗauka ɗora su aka yi kan wani abu.

6/ Saura jijiya kanta, tunda da ita muke kiran ta jini ma. "Jijiyar saƙo" ta wadatar, ko kuna da wadda ta fi?