Ƙafar gaba na ƙwanƙwasa, sitiyari ya yi sako-sako: wa ya taɓa shiga wannan?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Corolla ce 2006. Wata biyu ke nan, da na hau bam ko na faɗa rami sai in ji ƙwas-ƙwas daga ƙafar gaba, ɓangaren direba. Yanzu kuma sai na ɗan murza sitiyari kafin taya ta amsa. Jiya daga Ƙofar Doka zuwa Kwangila hannuna bai huta ba, kamar mai kora akuya kasuwa. Bakanikena ko sunkuyawa bai yi ba, ya ce rak ne, wato ƙarfen da ke kai murɗin sitiyari zuwa tayoyi, a sayo wani. Kafin in fasa asusu, wanda ya taɓa gani ya ba ni labari.

Direban Giwa:
Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka sayi komai sai an ɗaga motar a jak a gabanka. Shekarata 14 ina lodin Zariya zuwa Giwa, sau biyu na sayi rak a banza. A ɗaga tayar, ka kama ta hagu da dama, wato ƙarfe 9 da ƙarfe 3 na agogo, ka jijjiga. In ta yi wasa, tayirod ake fara zargi, wato sandar da ke haɗa rak da taya. Sai ka kama sama da ƙasa. In nan ne wasan, ko bol-join, wato gaɓar da ke riƙe taya daga ƙasa, ko boris. Yaron gareji ya riƙa jijjigawa, kai ka leƙa, ka ɗora hannu kan tayirod ɗin, za ka ji inda yake tsalle. Biyu ne fa a kowane gefe, na waje da ke jikin taya, da na ciki da ke ɓoye cikin robar rak. Na cikin nan shi ke ja wa rak baƙin jini, don ƙarar daga wuri ɗaya take fitowa.

Malama daga Samaru:
Ni tawa ba ƙwanƙwasa ba ce, kuka take yi in na karya kan mota, musamman da sanyin safiya lokacin hunturu. Aka ce famfon fawa ne, wato mai tura man da ke sa sitiyari ya yi laushi. Ashe mai ne ke zuba ta tiyo, famfon na shaƙar iska. Aka canza tiyo, aka cika mai, shiru. Abin da na koya a ranar shi ne ba kowane jan mai ake ɗurawa ba: irin taka, Ɗan Tudun Wada, tana shan man giya na otomatik, Honda kuwa nata daban ne. Maƙwabciyata mai Corolla 2010 ta sa an yi ta neman tulun man fawa a motarta, alhali sitiyarinta na lantarki ne, ba ya shan mai sam.

Mai shago a PZ:
Ku bar ni da bol-join. Tawa ta yi wata uku tana ƙara kamar tsohon ƙyaure, ina cewa sai an yi albashi, sai bayan salla. Da na gaji na kai ta, wani yaro ya ce ba sai an sayi sabo ba, ya cire, ya daddake bayansa da guduma, ya cusa giris, ya ɗaure bakin robar da waya. Ƙara ta ɗauke, na yi ta sa masa albarka. Kwana 20 ba a yi ba, ina shan kwana a hankali wajen Hanwa, sai gaban motar ya durƙusa, taya ta kwanta ciki, shaf ya zare. Da yara uku a baya. Har yau in na tuna da safiyar ranar na dawo daga Kaduna a guje, sai jikina ya yi sanyi. Kuɗin janwe da shaf da fenda ya ninka na bol-join ɗin sau nawa, ban ma so in lissafa.

Tsohon bakanike, Sabon Gari:
Alhaji, Allah ya tsare gaba. Dakan nan matse kwanon kawai yake yi, abin da ya cinye a ciki ba ya dawowa. Ɗana na Tudun Wada, ƙari kan maganar direba: dubi robobin. Da roba ta yage, ƙurar rani ta shiga, ruwan damina ya bi, giris ya zama yashi, ƙarfe ya ci ƙarfe. In za a kwance tayirod na waje, a ƙirga zagaye nawa ya yi kafin ya fita, a mayar da sabon haka, wannan zai kai ka wajen alaimen, wato saita tayoyi, ne kawai, ba ya maye gurbinsa. Ka ƙi yi, taya ta cinye gefe ɗaya. Notin da ke da rami a sa masa fin, ba ƙusa ba. In tayirod ɗan Beljiyam za ka saya kuma, ka murza kansa da hannu. In yana lilo ba tauri, ajiye musu kayansu. Rak ba ya ɓuya: za ka ga mai ya taru cikin robarsa, ko wasan yana nan bayan tayirod duk sun yi lafiya.

Direban Giwa:
Na manta, in rawar sitiyari sai ka kai gudun kilomita 100 take zuwa, fara da balansin taya.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai. Yau na tsaya a kansu aka ɗaga ta. Tayirod na ciki ne, hagu, robarsa a yage, ga linkej ma, wato 'yar sandar da ke haɗe da ƙarfen hana mota tangaɗi, ya saki, shi ke ƙwas-ƙwas ɗin. Rak a bushe yake ƙalau. An canza, an yi alaimen, na gwada ta har Shika na dawo. Baba, na dama bai yi wasa ba amma robarsa ta fara tsagewa, in canza robar kaɗai ko in haɗa duka?