Mai gyambon ciki zai iya shan bitamin ɗin da ake tallatawa?

Maman Ummi, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Na daɗe ina fama da gyambon ciki, kullum sai na haɗiye omeprazole kafin in karya kumallo. Zafin ƙirjin ya lafa, amma tun bayan Babbar Sallah jikina ba ƙarfi. Ina koyarwa a firamare, kafin a tashi tara jiri ya fara ɗibata, tafin ƙafata kuma kamar ana tsira masa allura. Wata maƙwabciyata tana sayar da wasu ƙwayoyi ta WhatsApp, kwalba ɗaya da bitamin A, C, E da ƙarin jini a ciki, an rubuta antiyoksidan a jiki, wai suna wanke ciki su warkar da olsa. Kuɗin ya kusa rabin albashina. Mutuniyar kirki ce, ba na zarginta, tsorona kar in zuba wa cikin nan abin da zai tayar da shi. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Ɗan Famasi, Gawon Nama:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ki lafiya. Ki riƙe kuɗinki tukuna. Abin da kika faɗa ya yi kama da ƙarancin jini ko ƙarancin bitamin B12, kuma omeprazole ɗin na iya zama sila. Aikinsa rage asid na ciki, alhali da asid ɗin ne jiki yake ciro B12 daga nama, kifi, ƙwai da nono. Idan aka daɗe ana sha, B12 yakan yi ƙasa. Ki lura, a lissafin da kika yi na kwalbar nan babu B12 ma.

Ƙarin jinin ne ya fi tayar min da hankali. Ƙwayar ayon, wato sinadarin ƙarfe da ke cikin maganin ƙarin jini, tana cizon ciki, tana ɗaure bayan gida, sannan tana mayar da shi baƙi. To baƙin bayan gida irin na kwalta shi ne babbar alamar gyambo yana zubar da jini. Kin ga idan kina shan ta, jinin zai iya zuba ki ɗauka aikin magani ne. Bitamin A kuma ba ya fita da fitsari, taruwa yake a hanta, kuma yawansa yana cutar da ɗan da ke ciki idan mace tana da juna biyu.

Ki je Asibitin Koyarwa na Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru a auna jininki da B12, a kuma gwada ƙwayar cutar H. pylori. Ita ce ke bayan yawancin olsa, likitoci biyu 'yan Ostareliya suka gano ta a 1982, kuma ana kashe ta da antibayotik iri 2 haɗe da omeprazole, yawanci na kwana 14. Ki gaya musu kina shan omeprazole, don yakan ɓoye ta a gwajin bayan gida.

Baban Yara, Runjin Sambo:
'Yata, ki ji maganar yaron nan. Ni ɗana ya aiko min da bitamin C mai narkewa a ruwa, miligiram 1000, wanda ke tafasa a kofi. Ina sha cikina ya ɗauki zafi, ga zawo. Da na je wurin likita, tambayarsa ta farko ita ce me nake sha don ciwon gwiwa. Na ce diclofenac. Ya ce shi da ibuprofen da aspirin su ke cin bangon ciki, ya canza min magani, ya ce in rage goro. Ki duba jakarki ko akwai irinsu.

Anti Nas, Arkilla:
Maman Ummi sannu. Kafin sakamako ya fito, ki gyara tukunya: miyar kuka, zogale, wake, ƙwai, ɗan nama idan da hali. Shayi yana hana jiki ɗaukar ayon, ki bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakaninsa da abinci. Zoɓo da kunun tsamiya, idan kin ga suna tayar miki da ciki, ki ajiye su. Duk abin da likita ya rubuta, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, amma lambar ba shaidar yana warkar da olsa ba ce. Kuma a zafin Sakkwato da ke haura digiri 40 a Afrilu, ban yarda da maganin da ya wuni a tire cikin rana ba, galibi ƙasa da 30 ake so a ajiye shi.

Maman Ummi, Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin zan nemi izini a makaranta in je. In daina omeprazole ɗin tun yau saboda gwajin?

Ɗan Famasi, Gawon Nama:
A'a Hajiya, kada ki daina da kanki, likita zai faɗa miki ranar. Ki tafi da kwalayen duk abin da kike sha, har na gargajiya. Idan kuma kafin Litinin kika ga baƙin bayan gida ko aman jini, kar ki jira, a wuce da ke sashen gaggawa.