Ina son yanka garkuwar jitata in sa hambaka, ga kuma rauni biyu a jikin banish

Ɗan Tsirkiya ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema daga waɗanda suka taɓa buɗe cikin jita mai lantarki, musamman masu hannu a aikin katako.

Jitar ƙirar Stratocaster ce, amma ba ta Fender ba ce, ko suna babu a kanta. Yayana ne ya bar mini ita da ya daina kiɗa, a kanta na koyi danna tsirkiya, yau shekara tara tana hannuna. Tsakiyar jikinta ruwan zuma ne, ana hango zanen katakon ta ciki, ya bi ja ya ƙare da baƙi a gefe. Garkuwarta, wato farantin robar nan da fikof uku (na'urorin da ke ɗaukar sautin tsirkiya) da maɓallan murya suke zaune a kai, mai launin ƙoƙon kunkuru ce, sukuru goma sha ɗaya ke riƙe da ita.

Fikof ɗin da ke kusa da jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a ƙasan jitar, shi ne ya daɗe yana damuna. Muryarsa siririya ce kamar ana kaɗa waya, kuma da na ƙara wa amfilifaya wuta sai ƙugi ya taso, zuuu, har ya so ya danne kiɗan. Na samo hambaka, wato fikof mai naɗin waya biyu, ina so in sa a gurbinsa. Ramin da ke jikin garkuwar na mai naɗi ɗaya ne, don haka na yi niyyar faɗaɗa shi da zarto da magagari.

Jiya da dare na kwance ta. Sukurun da ke kan ƙahon ƙasa ya yi tsatsa ya ƙi juyawa, na danna da ƙarfi, sukudireba ta zame ta ja layi a kan banish, tsawon kamar santimita uku, a daidai inda ja yake shiga ruwan zuma. Farce yana maƙalewa a ciki, amma bai kai katako ba. Na daɗe zaune ina kallonsa, raina ya ɓaci sosai. Akwai kuma tsohon rauni a gefe, wajen baƙin, inda maɗauri ya taɓa suɓucewa ta bugi ƙasa. Can kam fenti ya ɓalle kamar faɗin farcen ƙaramin yatsa, katako a fili, kuma ya ɗan loɓa.

Garkuwar ma ta kumbura a tsakiya, ta tsage a bakin sukuru ɗaya. Na yi tunanin in gasa ta kaɗan a kan wuta in danne da abu mai nauyi ta miƙe. Kafin in ƙara ɓarna na ce bari in tambaya. Yaya zan yanka ramin nan ya fito tsaf? Da me zan cike raunukan? Ba na son sake mata fenti gaba ɗaya, launin nan shi na sani tun ina yaro.

Baba Mai Banish ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka yi kyau da ka tsaya ka tambaya, don maganar wutar nan ita ta sa na ajiye abin da nake yi na rubuto maka. Kada ka kai garkuwar nan kusa da wuta. Da yawa daga masu launin ƙoƙon kunkuru da selulod, wata irin roba ta da, ake yin fatarsu ta sama, shi kuwa selulod ɗan'uwan fetur ne wajen kamawa, kafin ka ce kwabo ya cinye. Ka goga bayan gefenta da tsumma har ya ɗumama ka sansana, in ka ji ƙanshin kafur to shi ne. Kumburin da tsagewar ma halinsa ne, yana tsukewa da shekaru, sukuru na riƙe da shi, sai ya ja har ya tsage. Ko Fender da suka koma garkuwar selulod mai hawa uku a 1959, tsofaffin jitocinsu na lokacin haka za ka gansu da tsaga a bakin sukuru.

Sai maganar banish. Kafin ka ɗiga komai, ka san irin wanda ke jikinta, don iri biyu ne kuma maganinsu ya bambanta. Akwai naitiro, na da, mai laushi, wanda sabon shafi yake narkar da tsoho su zama abu ɗaya. Akwai foli, mai tauri kamar gilashi, wanda in ya bushe ya bushe ke nan, babu abin da zai sake narkar da shi. Fender kansu wajen 1968 suka karkata zuwa foli, kuma kusan duk jitocin da ba na tsada ba shi ne a jikinsu. Amma kada ka yi aiki da zato. Buɗe murfin baya inda sifirin suke, ka nemi wurin da banish ya malala ciki, ka taɓa shi da auduga mai ɗan asiton, ruwan nan mai narkar da fenti. In ya yi danƙo ya biyo audugar, naitiro ne. In ko gezau bai yi ba, foli ne. Ka ajiye garkuwar nesa kafin ka buɗe kwalbar, asiton yana cinye ta.

In foli ne, sufa gulu za ka nema, mai ruwa-ruwa. Ka share layin da ɗan nafta, wani mai ne na goge maiƙo, ya bushe, ka tsoma tsinken sakace ka ja shi a cikin layin, ɗigo kaɗan. Ka bar shi ya bushe da kansa, ka sake. Sau uku ko huɗu, har ya ɗan yi tudu sama da kewayensa. Kada ka tula da yawa a karo ɗaya, samansa zai bushe cikinsa na ɗanye, kuma yakan yi fari. Bayan ya kwana sai ka ɗauki sabuwar reza, ka naɗe bakinta na dama da na hagu da salatif, ka bar tsakiya kawai a buɗe. Ka tsayar da ita a miƙe kana kankarewa, salatif ɗin na gudu a kan lafiyayyen banish, tsakiyar na cin tudun. Za ka ga farin gari mai laushi yana tashi. Idan reza ta daina ci, ka koma samfefa naɗe a ɗan katako mai baki daidai: 800, 1000, 1500, 2000, kowace ta goge sawun ta gabanta, sannan man goge fentin mota da tsumma mai laushi.

In za ka jiƙa samfefar, ka toshe ramukan sukuru tukuna. Ruwa na shiga, katako ya kumbura, ya ɗaga banish ya tsaga shi a kewayen ramin. Na ga wannan da idona a aikin wani yaro da nake koya wa, ya gyara ƙaramin rauni ya haifar da manya uku.

Na gefen kuma, tunda katako a fili yake, ka fara gwada tururi. Ɗan tsumma mai danshi a kan loɓawar, ka taɓa da bakin ƙarfen soda na daƙiƙa biyu ko uku. In zaren katakon danne su aka yi za su taso, in sun karye ba za su taso ba, sai cikewa. Ka bar shi kwana ɗaya ya bushe, ka shafa baƙin fenti siriri a ƙasan ramin, ya bushe sarai, sannan sufa gulu a kai. Kada ka yi amfani da maka, wato alƙalamin nan mai kaurin baki, tawadarta tana narkewa a ƙarƙashin gam ta koma shunayya. Gaskiya kuma ita ce a kan foli, in ka karkata jitar ga haske, za ka riƙa ganin siririn zobe a kewayen gyaran. Na baƙin zai ɓuya, na ruwan zuman kai za ka san inda yake.

Injiniya Soda ya amsa:

Baba ya gama da katako, ni bari in taɓa yankan. Ɗan'uwa, ɗora hambakar a kan garkuwar ka duba da kyau kafin ka ɗauki zarto. Fikof ɗin jaki na Stratocaster a karkace yake zaune, ita kuwa hambaka a miƙe ake sa ta. Girmanta kamar milimita 70 ne da 38, shi kuwa mai naɗi ɗaya faɗinsa bai wuce 18 ba. In ka yanka murabba'in a kan karkataccen rami, tsofaffin ramukan sukurun ɗaga fikof za su rage a waje, dab da inda za ka huda sababbi, ga robar kuma ta riga ta tsufa ta tsage. Ni da zan ba ka shawara, ka nemi sabuwar garkuwa da aka riga aka yanka wa hambaka ɗaya da masu naɗi ɗaya biyu, ka ajiye ta Yaya yadda take. Duk ranar da ka so mayar da jitar asalinta, tana nan.

Ka kuma leƙa ramin katakon da ke ƙarƙashi. Wasu jitocin an riga an fafe musu wuri mai faɗi, wasu kuwa ramuka uku ne sirara, sai an sa rauta, injin fafe katako. Ka auna zurfi ma, ƙafafun hambaka sukan fi tsawo.

Na uku, maɓallin murya. Maɓallan suna da lamba gwargwadon yadda suke tare wuta: masu naɗi ɗaya da 250k aka saba haɗa su, hambaka kuwa 500k ta fi so, in ba haka ba muryarta takan dushe kamar an rufa mata bargo. In ka sa 500k sauran biyun za su ƙara kaifi, maganinsa ka ratsa wa kowannensu rezisto 470k zuwa ƙasa a jikin suwic ɗin zaɓar fikof. Ka liƙa takardar tagulla ko ta alminiyam a bayan garkuwar ta taɓa jikin maɓallan, za ta rage hayaniyar da wayoyi ke kwasowa. Ƙugin masu naɗi ɗaya dai ba zai tafi duka ba, halittarsu ce. Don shi ne ma Seth Lover ya ƙera wa Gibson hambaka, naɗi biyu masu saɓanin juna, ta fito a jitocinsu a 1957.

Mai Bas ya amsa:

Malam, ni ban ga dalilin canza garkuwar ba ma. Akwai hambaka mai girman ramin naɗi ɗaya, mai layin ƙarfe biyu a sama, tana shiga ba yanka ba huda. Fuskar jitar ta zauna yadda ka san ta. Raunin gefen kuwa da ni ne in bar shi, in dai rufe katakon da ɗan gam don kada gumi ya shiga.

Ɗan Tsirkiya ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Kwana goma sha biyu ke nan, ga abin da ya faru.

Baba, kafur ne. Ina gogawa na ji shi, sai da gabana ya faɗi da na tuna abin da na so yi. Asiton kuma bai motsa banish ba ko kaɗan, foli ne.

Malam Mai Bas, na yi tunanin maganarka sosai. Abin da ya hana shi ne tsohuwar garkuwar ba za ta ƙara zama daram ba ko da ban yanka ta ba, ga hambakar riga a hannu. Na bi ta Injiniya, na samo sabuwa mai kama da launin waccan, ko da yake ta fi ta ja kaɗan. Ramin katakon Alhamdu lillahi a faɗaɗe yake, ban taɓa shi ba. Cikin ramukan sukuru goma sha ɗaya bakwai ne suka dace. Sauran huɗun na cusa musu tsinken sakace da gam na katako, suka kwana, na yanke da reza, na ɗaura garkuwar da bakwai ɗin nan, na ja zare daga sama zuwa jaki a gurbin tsirkiya ta farko da ta shida don in tabbata fikof suna tsakiya, sannan na huda sababbin da siririn bakin diril da na naɗa wa salatif don kada ya zarce. Wajen wuya ta ɗan matse, na ci kamar rabin milimita da magagari. Wani abin da ban zata ba: sabuwar ta ɗan fi tsohuwar ƙanƙanta a ƙahon ƙasa, sai ga siririn layi mai haske ya leƙo, inda rana ba ta taɓa gani ba duk shekarun nan. Ashe haka launinta yake da Yaya ya fara ɗaukarta.

Layin sukudireba sau huɗu na ɗiga masa. Aikin rezar nan ya fi komai daɗi, kana ji a yatsunka lokacin da tudun ya ƙare, ƙarar ma tana canzawa daga kar-kar ta koma shuu. A gaba ba a ganin komai, sai na karkata ta wajen taga nake hango shi kamar gashi guda. Na gefen tururi ya ɗago shi kusan rabi, amma na yi gaggawar zuba gam fentin bai gama bushewa ba, ya yi hazo, sai da na kankare na sake daga farko. Karo na biyu na ba shi kwana biyu, ya fito baƙi wuluk.

Muryar jaki yanzu ta yi kauri, ƙugin ya ɗauke in suwic yana kan hambakar. Sai dai na lura maɓallan sautin biyu ba sa taɓa ta, ɗaya na fikof ɗin wuya ne ɗaya na tsakiya. Injiniya, in na ɗauke wayar maɓalli na biyu daga ƙafar fikof ɗin tsakiya a jikin suwic na mayar da ita ƙafar na jaki, shi ke nan, ko sai na canza kafasito, ɗan abin da ke rage kaifin murya? Wanda ke ciki 0.047 ne.

Injiniya Soda ya amsa:

Shi ke nan, waya ɗaya ce. Ka fara saurara da wanda ke ciki, in ka ga muryar tana dushewa da wuri da ka ɗan juya maɓallin, ka sa 0.022, amma ka tuna maɓallan biyu shi ɗaya suke rabawa, na wuya ma zai canza.

Baba Mai Banish ya ƙara:

Madalla ɗana. Tsohuwar garkuwar kada ka rufe ta a akwati ɗaya da jitar. Selulod in ya fara lalacewa yana fitar da iska mai sa ƙarfe tsatsa, wataƙila ma ita ta cinye sukurun da ya ja maka wannan aikin. Ka ɗaure ta a kan shafaffen katako da sukurunta, ba da ƙarfi ba, ka ajiye inda iska ke ratsawa, nesa da zafi.