Mangwarona ya ƙi fure tun da na shuka tumatir a tsakaninsa

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina da lambu mai hekta ɗaya da na gada daga mahaifina, kuma bayan doguwar jayayya da 'yan'uwana kan rabon gado, ni na karɓi ɗawainiyarsa, na sare tsofaffin bishiyoyi, na dasa mangwaro mai aure da lemo da gwaiba shekara 5 da suka wuce. Bara mangwaron ya fara 'ya'ya kaɗan. Da yake jiran bishiya yana da tsawo, ga iyali ga bashin injin ban-ruwa, sai na shuka masara da damina, da rani kuma na yi tumatir da tattasai a tsakanin layuka. Bana mangwaron ya yi ta toho amma babu fure, gindin lemo biyu yana fitar da ƙaro, gwaiba kuma ganyenta ya yi rawaya. Hankalina ya tashi ƙwarai. Me zan yi?

Dattijo mai tsohon lambu: Wa alaikumus salam. Ɗana, ba ka faɗi tazarar bishiyoyinka ba, amma matsalarka a fili take. Mangwaro yana buƙatar ƙasa ta bushe na wasu makonni kafin lokacin fure, kai kuwa kana shayar da tumatir a daidai wannan lokacin, saboda haka bishiyar ta mayar da ƙarfinta ga ganye. Ƙaron lemo kuwa alamar ruɓewar gindi ce, wadda ruwan da ke kwanciya a jikin kututture yake jawowa. Ka cire tumatirin nan gaba ɗaya, ka koma wake ko gyaɗa da damina kaɗai, ka bar aƙalla mita 2 daga kowane gindi ba huɗa.

Wata mai lambun lemo: Baba, ba kowa ne zai iya zama ba kuɗin shiga ba. Ni ina yin kayan lambu a cikin nawa, kuma abin da ya cuce ni shi ne maƙwabcina da ya fesa maganin ciyawa ranar iska, ganyen lemona ya nannaɗe, har yau bai ba ni haƙuri ba. Malam, ka ci gaba da tumatirinka, ka dai ƙara taki.

Dattijo mai tsohon lambu: Ƙarin taki a yanzu, musamman yuriya, toho zai ƙara. Kuma ku tona saiwar gwaibar nan, ina da tabbacin za ku ga ƙulle-ƙulle, domin tsutsar saiwa da ido ba ya gani tana yaɗuwa a tumatir da tattasai da kuɓewa, gwaiba kuwa ba ta jure mata.

Wani matashin manomi: Ni masarar nake zargi, domin tana shanye taki da ruwa, kuma garma tana yanke ƙananan saiwoyin da ke kusa da saman ƙasa. Haka masu aiki suka yi mini a gwanda na yi asarar rabin gona.

Mai tambaya: Na gode, Baba, amma tumatirin ne ya biya rabin bashin injin, kuma ban taɓa kai ruwa jikin gindi da gangan ba, gangaren ƙasar ne haka. Ina ganin sanyin bana ne bai yi ƙarfi ba, shi ya hana furen. Wake kuwa na gwada shi, ƙwari suka cinye.

Dattijo mai tsohon lambu: Nan da shekara 2 inuwa za ta rufe layukan, tumatirin ma ba zai yi ba, bishiyoyin kuma sun riga sun raunana. Har yanzu ba ka faɗi tazarar ba.

Mai tambaya: Zan auna gobe in Allah ya yarda. Amma na riga na yi renon irin tumatir na zagaye na biyu. Idan na ja fangalin zuwa tsakiyar layi, zai wadatar?