Golbol: me za mu kira shi da Hausa?

Jama'a, ina neman taimakonku a kan kalma ɗaya.

Ɗan yayata yana da shekara 9, ganinsa ya tafi tun yana ƙarami. Kullum yara na tamola a ƙofar gida, shi kuwa yana jingine da bango yana bin ihunsu. Kwanaki na sa ƙwallo a cikin leda na ƙulle, na gangara masa a tsakar gida. Ƙarar ledar ya bi, ya faɗi ya tare ta da ƙirji. Dariyar da ya yi, uwarsa sai da ta share hawaye.

Na ce masa ai akwai wasa irin wannan a duniya, golbol. Ya ce, "Kawu, ya sunansa da Hausa?" Na yi shiru.

Ga wanda bai san wasan ba: a 1946 Hans Lorenzen ɗan Ostiriya da Sepp Reindle Bajamushe suka ƙirƙiro shi domin sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Biyu. Mutum 3 ne a kowane ɓangare, filin mita 18 ne tsawo, 9 faɗi, ragar kuma ta cinye faɗin duka. Ƙwallon ta kai kilo 1.25, da ƙararrawa a cikinta, da hannu ake wurga ta ta bi ƙasa. Layukan filin igiya ce aka manne, ɗan wasa ya laluba ya san inda yake. 'Yan kallo kuwa dole su yi tsit har sai ta shiga raga.

In aka fassara sunan kai tsaye, "ƙwallon raga" zai fito, kuma wannan mun riga mun ba wa wasan da ake bugawa ta saman raga. Wani abokina ya ce "ƙwallon makafi". Ban yarda ba. Makafi suna da tasu ƙwallon ƙafar ta mutum 5, to wacce ake nufi? Ga shi masu ɗan gani-gani ma suna yin golbol, shi ya sa ake ɗaure wa kowa ido. Abin da ya fi damuna ma, ba na so sunan wasan da ya faranta wa yaron nan rai ya riƙa tuna masa larurarsa.

"Ƙwallon ƙararrawa" ya yi kusa, sai dai ya cika baki, yara ba za su riƙe shi ba.

Ni dai na karkata ga "ƙwallon kunne". Muna da ƙwallon ƙafa, muna da ta hannu, to ga gaɓa ta uku. Na san za a ce ba da kunne ake buga ta ba. Gaskiya ne, amma hannun kowa na iya jifa, wanda kunnensa ya riga na wani shi ke tarewa.

Na gwada masa jiya, ya maimaita sau biyu, ya ce in ɗauko ledar. Malaman Hausa da malaman makarantun makafi, in akwai sunan da kuke amfani da shi tuni, ku faɗa mini kafin wannan ya zauna a bakinsa.