MBA a Harvard: a nema yanzu, ko sai an taɓa aiki?

Ɗan Ƙofar Soro:
Assalamu alaikum. Ƙanena yana ajin ƙarshe a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, akanta yake karantawa, kuma ransa na kan yin MBA, wato digiri na biyu kan gudanar da kasuwanci, a Makarantar Kasuwanci ta Harvard. Ya nema da zarar ya gama bautar ƙasa, ko yaya?

Malam Lawal:
Wa alaikumus salam. Kada ya yi gaggawa, dalilin yana cikin salon koyarwarsu. An kafa makarantar a 1908, tana Boston a Amurka. A shekarun 1920 shugabanta Wallace Donham, wanda lauya ne, ya ɗauko salon makarantar shari'a ya dasa shi a can: maimakon lacca, a ba ka labarin wata matsala ta gaske da wani kamfani ya shiga, ka kwana kana nazari. Da safe, a aji mai mutum kusan 90, malami zai kira sunan wanda ya ga dama ba zato, ya ce in kai ne manajan, me za ka yi? Minti 80 ana muhawara. Cikin shekara 2 ɗalibi zai bi ta kan irin wannan kusan 500, kuma a darussa da yawa rabin maki daga bakinka yake fitowa. To wanda bai taɓa biyan albashi ba, bai taɓa bin bashi a kasuwa ba, me zai faɗa? Yawancin waɗanda ake ɗauka sun yi aikin shekara 4 zuwa 5.

Hajiya Binta:
Malam, haka ne, amma tunda yaron bai gama ba, akwai tsarin 2+2. Ɗan ajin ƙarshe ke nema, in an ɗauke shi a ajiye masa gurbi, ya yi aikin aƙalla shekara 2 sannan ya shiga. In ya bari shekarar kammalawarsa ta wuce, wannan ƙofar na iya rufe masa.

Ya soma da GMAT ko GRE, wato jarrabawar neman shiga da makarantar ke buƙata. Ya kuma nemi takardar sakamakonsa tun da wuri, domin jiran ta kaɗai kan sa wa'adi ya wuce mutum. Masu rubuta masa shaida su zama waɗanda suka ga aikinsa da idonsu. Wasiƙar babban mutum da bai san shi ba ba ta da nauyi a wurinsu.

Ɗan Ƙofar Soro:
Allah ya saka da alheri, Hajiya. Kuɗin fa?

Hajiya Binta:
Na makaranta kaɗai ya haura dala dubu 70 a shekara, ban da ɗaki da abinci. Suna ba da tallafi gwargwadon ƙarfin ɗalibi, har da 'yan ƙasashen waje, amma sai an ɗauke shi tukuna zai cike takardar neman sa.